Yadda nake dawo da hannuna kan jitar bas bayan hutun azumi

Duk shekara idan aka ga watan azumi, nakan goge jitata in saka ta cikin jakarta, in jingine a kusurwar ɗaki sai bayan Sallah. Biki ya tsaya, ɗakin da muke gwaji a wajen Ƙofar Ƙaura ma a rufe yake. Kwana 29 ko 30 ban taɓa tsirkiya ba. Amma da an gama Hawan Bariki, bukukuwan da aka tara sai su zubo gaba ɗaya, wani lokaci mako guda kacal ne tsakanina da wasan farko.

Shekarar da na fara wannan hutu na yi gaggawa, na kuma ji a jikina. Washegarin Sallah na zauna awa uku ina ta bugu, don ina tsoron kada a ce hannuna ya mutu. Kafin magariba yatsana na tsakiya ya yi bororo. Ranar wasan, a waƙa ta huɗu ya fashe, tsirkiyar ta jiƙe, sauran daren da babban yatsa na ƙarasa shi. Da muka tashi, mai gangarmu, wanda ya girme ni da kusan shekara goma sha biyar, ya ja ni gefe ya ce, "Ƙanena, ba yatsan ne ya dame ni ba. Tun waƙar farko kake gudu kana bari na a baya." Na ce, "Yaya, ban ji ba wallahi." Ya ce ai shi ya sa yake faɗa mini.

Daga nan na gane abin da wata ɗaya yake ci. Waƙoƙin suna nan a kai, yatsu ma sun san hanyarsu. Kantar bakin yatsa ce take laushi, sai kuma zaman kiɗa, wato bugu daidai kan lokaci ba gudu ba jinkiri, da yake kwancewa, shi kuwa ba ka jin tafiyarsa.

Ranar farko jitar za ka duba kafin kanka. Itace ne, yana jin hunturu da zafin Katsina kamar yadda ƙyauren ɗaki yake ji. Ka kakkaɓe ƙura, ka bi kowace tsirkiya da busasshen ƙyalle sama da ƙasa, sannan ka yi saiti: E, A, D, G, daga mai kauri zuwa siririya. Sai ka danne tsirkiyar E a gaɓa ta farko da ta ƙarshe a lokaci guda (gaɓoɓi su ne rabe-raben wuyan jitar da ƙananan ƙarafa suka tsaga), ka leƙa wajen gaɓa ta bakwai ko ta takwas. Ya kamata ka ga 'yar tazara kamar kaurin kati. Idan ta manne, ko ta yi rata sosai, wuyan ya motsa. Akwai ƙarfe a cikin wuyan da ake murɗawa a gyara, amma kada ka wuce rubu'in zagaye a lokaci ɗaya, in kuma ba ka taɓa yi ba ka kai wa wanda ya saba. Mutane da yawa suna zargin hannunsu alhali tsirkiya ce ta yi sama. In jitarka mai batir ce, 9V, ka canza shi, musamman idan ka bar wayar amfilifaya a jone, don haka yake shanyewa.

Sai hannu. Minti 15 da safe, minti 15 bayan la'asar, na kwana uku. Na san zai yi maka kaɗan, ka daure. Ka ƙara muryar amfilifaya fiye da yadda ka saba, kai kuma ka rage ƙarfin fizga, manuniya da na tsakiya suna karɓa-karɓa. A nan ne duk maganar take. Mai ƙaramar murya shi ke fizgar tsirkiya da ƙarfi don ya ji kansa, fizgar kuma ita ke haifar da bororo. Da ka ji bakin yatsa ya ɗauki zafi ya yi ja, ajiye, ko da minti goma ka yi. Kada ka ɗauki jita daga idar da alwala ko wanki, ka bari fatar ta bushe sarai, domin jiƙaƙƙiyar fata ba ta jure ƙarfe. Man shafawa kuma sai bayan ka gama, yana kashe muryar tsirkiya.

Hannun hagu kada ka fara shi daga can ƙarshen wuya. Tsawon tsirkiyar bas inci 34 ne a yawancin jitoci, tun daga jitar Precision ta kamfanin Fender ta 1951, kuma gaɓoɓin farko su ne mafi faɗi. Ni daga gaɓa ta bakwai nake farawa, yatsa ɗaya gaɓa ɗaya, ina gangarowa a hankali kwana bayan kwana. Ka danne dab da bayan ƙarfen gaɓar, ka sassauta har ka ji ta fara ziza, sai ka ƙara ɗan kaɗan. Iyakar ƙarfin da ake bukata ke nan. Ɗan zafin fata a hannun hagu ba komai, amma idan wuyan hannu ne ke suka, ka huta ranar gaba ɗaya.

Zaman kiɗa shi ne aikin da ya fi cin lokacina. Ina sa metronom na waya, manhajar da ke ƙidaya bugu daidai wa daida, a bugu 60 a minti, amo ɗaya kan kowane bugu, tsirkiya ɗaya, minti biyar. Abin da nake nema shi ne amona ya haɗiye ƙarar metronom har in daina jin ta. Ranar farko ba ta ɓacewa, kullum ina riga ta da ɗan ƙiris. Wajen kwana na uku take fara nutsewa. Daga nan sai in ɗauko waƙa ɗaya da na fi sani, ba mai wuya ba, in buga ta ƙasa da saurinta, in ɗauka a waya in saurara bayan isha'i. A faifan ne za ka ji tsirkiyoyin da ba ka buga ba suna gunaguni a ƙasa, don toshe su yana cikin abin da hannu ke saurin saki. Babban yatsan dama ya kwanta kan E idan kana kan A ko D, yatsun hagu kuma su ɗan jingina kan sirara.

Kwana na huɗu nake kai zaman rabin awa, a tsaye, da igiya a kafaɗa, tunda a tsaye za a yi wasan. Na biyar ko na shida sai in kira Yaya mai ganga mu haɗu mu biyu kawai, ba fiyano ba mawaƙi. Yana taka gangar ƙafa, ni ina kallon ƙafarsa ina ɗora amo a kai. Bana minti ashirin muka yi kafin ya ɗago kai ya ce in kira sauran yara su zo gobe.