Yadda Za Ka Riƙe Bangaskiya Sa'ad da Amsar Addu'a Ta Yi Jinkiri

Ɗan'uwa, in ka daɗe kana roƙon Allah abu guda, warkarwa ce ko haihuwa ko aikin yi, har yanzu shiru, kada ka yanke cewa fushi yake yi da kai. Bulus ya roƙi Ubangiji sau uku a cire masa ƙayar da ke jikinsa, ba a cire ba, aka ce masa alheri ya ishe shi (2 Korintiyawa 12:7-9). A Ayyukan Manzanni sura 12, Hirudus ya kashe Yakubu da takobi, Bitrus kuwa mala'ika ya fito da shi daga kurkuku. Ikilisiyarsu ɗaya, kuma babu inda aka ce Bitrus ya fi Yakubu bangaskiya. Ibrahim yana da shekara 75 aka yi masa alkawari, sai da ya kai 100 aka haifi Ishaku.

Fara da bincika kanka, amma ka sa wa binciken iyaka. Ware yamma ɗaya ka duba abubuwan da Littafi Mai Tsarki ya ce suna tare addu'a: riƙe wani a zuci (Markus 11:25), roƙo don biyan son zuciya (Yakubu 4:3), da wulaƙanta mace a gidan aure (1 Bitrus 3:7). In ka sami laifi, ka tuba, ka je ka shirya da mutumin. In ba ka samu ba, ka tsaya nan. Da yawa a nan suke faɗuwa: su yi ta tonon zunubin da aka riga aka gafarta, har su koma ganin Allah kamar mai binsu bashi. Da almajirai suka tambayi laifin wa ya sa aka haifi wani makaho, Yesu ya ce ba nasa ba ne, ba kuma na iyayensa ba (Yahaya 9:3).

Sai ka koyi kai kuka ga Allah, wanda shi ne aka fi sakaci da shi. Buɗe Zabura 13. Aya shida ce kawai, amma sau huɗu Dawuda yana tambayar "har yaushe". Ya fara da ƙorafi, ya roƙi abin da yake so a fili, sannan ya tuna ƙaunar Allah. Ɗauki takarda ka bi wannan tsarin da naka bakin: ka ambaci ciwon da sunansa, ka faɗi shekarun da ka yi kana jira, ka faɗi abin da surukai ko maƙwabta suke cewa. Ranar da ba ka iya kaiwa ga yabo ba, karanta Zabura 88, wadda ta ƙare cikin duhu kuma ba a cire ta daga Littafin ba. Wanda yake yi wa Allah addu'ar ladabi alhali cikinsa cike da ɓacin rai, da sannu addu'ar za ta zama ta baki kawai, daga nan ya bari.

Rage tsawon addu'a, ka tsare lokacinta. Minti goma kowace safiya ya fi kwanan addu'a guda da za a bi shi da wata ɗaya ba a durƙusa ba. Karanta Zabura ɗaya da murya, yi Addu'ar Ubangiji, faɗi roƙonka a taƙaice, ka rufe yadda Yesu ya rufe a Getsamani, da miƙa kai ga nufin Uba. In kalmomi sun ƙare, zauna shiru. Ruhu yana roƙo dominmu (Romawa 8:26). Ajiye ƙaramin littafi, ka riƙa rubuta kwanan wata da roƙo, ka duba shi bayan wata uku-uku. Babban roƙo yakan rufe wa mutum ido daga ƙananan da aka riga aka amsa. Azumi yana da kyau, amma ba a tilasta wa Allah da shi, kuma mai ciwon sukari, mai gyambon ciki, mai juna biyu da mai shayarwa su fara jin ta bakin likita.

Kada ka janye daga sujada. Ranar godiya tana da nauyi: wata ta fito da jariri a hannu, zumuntar mata na guɗa, ke kuwa 'yar'uwa kina kan benci kina haɗiye hawaye. In zaman ya gagara, fita ki sha iska ki dawo, amma kada Lahadi biyu su wuce ba ki zo ba, domin komawa takan ƙara wuya. Nemi mutum ɗaya ko biyu masu riƙe sirri, ba taro duka ba, ku riƙa addu'a tare sau ɗaya a mako. Mara lafiya kuma ya kira dattawan ikilisiya, kamar yadda Yakubu 5:14 ya umarta.

Mai jira ya fi kowa saurin faɗawa hannun masu cin kasuwa da sunan Allah. Duk wanda ya sa wa mai, ruwa ko annabci farashi, ka tuna yadda Bitrus ya tsawata wa Siman da ya so sayen baiwar Allah da kuɗi (Ayyukan Manzanni 8:20). Duk wanda ya ce ka zubar da maganin asibiti don ka nuna bangaskiya, ka rabu da shi. Ma'auratan da suka shekara ba ciki su je gwaji su biyu, miji da mata, suna ci gaba da addu'a. In kuwa baƙin ciki ya hana ka barci da cin abinci har mako biyu, ka ga likita, ka kuma sanar da fasto. In tunanin kashe kai ya fara zo maka, ka gaya wa wani na kusa a ranar, ya raka ka asibiti.