Sauya gwiwa da mutum-mutumi: kurakuran da ke sa gwiwa ta riƙa rawa bayan aiki

Kuskure na farko tun kafin a shiga ɗakin tiyata ake tafka shi. Dattijo a Agege ko Hajiya a Idi-Araba da ke Legas, guringuntsin gwiwa ya cinye, ƙashi na gugar ƙashi, sai 'ya'ya su haɗa kuɗi a nemi asibiti mai mutum-mutumi, ko Indiya ko Dubai, da zaton na'ura ce za ta yi aikin kuma ba ta kuskure. Likita ne ke buɗe gaɓar, shi ke tsara inda za a yanka, shi ke auna jijiyoyi da hannunsa. Na'urar tana taimaka masa ne ya yanka ƙashin daidai da yadda ya tsara.

Na'urorin ma ba iri ɗaya ba ne. Mako ta kamfanin Stryker tana buƙatar hoton CT kafin aiki, kuma hannunta yana tsayar da zarto idan zai ƙetare iyakar da aka shata. ROSA ta Zimmer Biomet tana riƙe ma'aunin yanka ne kawai, likita ya yanka da kansa. CORI ta Smith & Nephew ba ta buƙatar CT, a ɗakin tiyata ake zana siffar ƙashin. Dukkansu ana kafa musu ƙusoshin ƙarfe a ƙashin cinya da na ƙwauri, a ɗora alamomin da kyamara ke bi. Idan ƙusa ɗaya ta motsa ana cikin aiki, ko aka nuna wa kwamfuta wuraren ƙashi ba daidai ba, na'urar za ta yanka tsaf, amma a inda bai kamata ba. Saboda haka ku tambayi likitan: gwiwa nawa yake sauyawa a shekara, nawa ya yi da wannan na'urar, kuma idan ta tsaya ana tsakiyar aiki, kayan aikin hannu suna kusa? Ƙwararren likita da kayan hannu ya fi sabon shiga da na'ura mai tsada.

Abin da ke riƙe gwiwa

Ƙarfen da aka sa ba shi ke hana gwiwa gocewa ba. Jijiyoyi biyu ne a gefe da gefe, ta ciki da ta waje, sai tsokar gaban cinya. Bayan an yanke ƙashi, akwai tazara tsakanin ƙashin cinya da na ƙwauri, kuma ana auna ta sau biyu: ƙafa a miƙe, da gwiwa a lanƙwashe digiri 90. Ana so tazarar biyu su zo kusan ɗaya, domin roba guda ce, wadda ake sawa tsakanin ƙarfen sama da na ƙasa, za ta cike su, mai kauri daga kamar milimita 9 ko 10 zuwa sama. Idan tazarar lanƙwasa ta fi ta miƙewa faɗi, mutum zai yi tafiya lafiya a shimfiɗaɗɗiyar ƙasa, amma da ya zo sauka daga bene ko tashi daga kujera sai ya ji gwiwar ta kufce masa, ta riƙa tara ruwa tana kumbura. Idan aka ƙara kaurin roba don a toshe wannan, sai ƙafa ta ƙi miƙewa sosai. A nan ne amfanin na'urar yake na gaske: tana nuna tazarar da milimita a allo kafin a taɓa ƙashi, likita ya gyara tsarin yanka tun da wuri. Sai dai ƙarfin da aka ja jijiyar da shi lokacin awo, a yawancin na'urorin daga hannun likita yake fitowa.

Jinkiri ma na ɓata wannan lissafi. Wanda ya yi shekaru ƙafarsa na komawa kamar baka, ko ta yi gwame sosai, jijiyar gefe ɗaya ta saki, ɗayar ta ƙanƙance. Na'ura ba ta mayar da sakakkiyar jijiya yadda take. Irin wannan gwiwa tana iya buƙatar ƙarfe mai doguwar turaka a tsakiya da ke riƙe gefe da gefe, wani lokaci ma mai maɗauri irin na ƙofa. Ku tambaya ko an tanadi irinsa a ɗakin tiyata ranar aiki, kada sai an buɗe a gane babu.

Kafin ranar aiki, a duba sukari da gwajin HbA1c, mai nuna matsakaicin sukarin jini na watanni biyu zuwa uku da suka wuce. Likitoci da yawa ba sa son ya wuce 7.5 ko 8. Allurar kashe kumburi da ake yi a cikin gaɓa, idan an yi ta cikin wata uku kafin aiki, tana ƙara haɗarin shigar ƙwayar cuta, kuma mutane na ɓoye ta don kada a ɗage musu rana. Kada a ɓoye. Ruɓaɓɓen haƙori da gyambo a ƙafa a magance su tukuna, taba kuma a ajiye ta aƙalla mako huɗu zuwa shida.

Bayan an dawo gida

Yawancin masu cewa "gwiwata na sakina" a makonnin farko, ƙarfensu lafiya lau yake, tsokar cinya ce ta yi sanyi. Kumburi da zafi suna kashe mata ƙarfi, iyali kuma don tausayi su ce Baba ya kwanta ya huta. Wannan hutun shi ke cutar da shi. Ana tayar da mutum ya taka ran da aka yi aikin ko washegari. A gida, a miƙe ƙafa a kan gado, a ɗaure tsokar cinya a danna bayan gwiwa ƙasa, a riƙe daƙiƙa biyar, sau goma, a maimaita sau uku ko huɗu a yini. Sai ɗaga ƙafa a miƙe, sai jan diddige zuwa baya. Kada a ajiye sanda don kunyar idon jama'a kafin a iya ɗaga ƙafa a miƙe ba tare da gwiwa ta lanƙwashe ba.

Matashin kai a ƙarƙashin gwiwa yana da daɗi, amma yana sa ta ƙage a lanƙwashe. A ƙarƙashin diddige ake sa shi. Ana so lanƙwasa gwiwa ta kai digiri 90 cikin makonni biyu na farko, a doshi 110 wajen mako shida. Wanda ya kai mako shida bai kai 90 ba ya koma wa likita, domin lanƙwasa gwiwa bayan an sa mutum barci ta fi yin amfani kafin mako goma sha biyu.

Maganar salla tana bukatar a faɗe ta ƙarara. Sujada da zaman tahiya suna neman lanƙwasa fiye da digiri 140, gwiwar ƙarfe kuma yawanci tana tsayawa tsakanin 110 da 125. Tilasta ta a watannin farko yana miƙar da jijiyoyin da aka sha wahala wajen daidaitawa. A yi salla a kan kujera. Hadisin Imrana bin Husaini ya ba wanda ba zai iya tsayuwa ba damar yin ta a zaune. Haka masai na tsuguno da zama a tabarma: a sa kujerar bayan gida mai tsayi. Komawa ƙasa sai da izinin likita, kuma ba kowa ke samunsa ba.

Legas gari ne na bene da gada. A hawa, ƙafa mai lafiya ke fara takawa; a sauka, sanda da ƙafar da aka yi wa aiki ke fara sauka. Gadar masu tafiya a ƙafa ta Oshodi ba wurin gwaji ba ce a wata na farko. Acaba a bar shi gaba ɗaya, domin sauke ƙafa ba shiri yana murɗa gwiwa. Kujerun danfo, ƙananan bas ɗin haya, sun matse, kuma awa biyu cikin cunkoson motoci da ƙafa a naɗe na jawo kumburi da daskarewar jini. A zauna gaba a mota, a tura kujera baya, a riƙa motsa idon sawu. Maganin hana daskarewar jini a shanye shi har ƙarshe, galibi kwana 14 ko yadda aka rubuta.

Ƙananan raunukan ƙusoshin nan mutane na mantawa da su. Su ma suna iya kamuwa da cuta, kuma ko da yake ba kasafai ba, ƙashi na iya tsagewa ta ramin ƙusa a watannin farko. Zafi na farat ɗaya a cinya ko ƙwauri, a daina takawa a je a ɗauki hoto. Kada a kai wa mai ɗori, kada a yi tausa da ƙarfi ko gashi da ruwan zafi.

Ƙarar ƙas-ƙas ba tare da zafi ba, ɗumi na 'yan watanni, da rashin jin taɓi a gefen waje na tabon, duk ba abin tsoro ba ne. Abin da ke neman likita shi ne gwiwar da ke gocewa bayan wata uku duk da motsa tsoka, ko kumburi mai tafiya yana dawowa, ko rauni mai tsatsar ruwa. Babban kuskure a nan shi ne sayen maganin kashe ƙwayoyin cuta a kemis. Yana ɓoye cutar, a zuƙi ruwan gwiwa a gwada a ga ba komai, har sai an jira kamar mako biyu babu magani kafin a sake. Tsarin shi ne gwajin jini na ESR da CRP, masu nuna alamar kumburi a jiki, hoton ƙashi a tsaye, zuƙar ruwa idan da zargi, sannan a yanke shawara: takalmin da ake ɗaura wa gwiwa don ya riƙe ta da ƙarin motsa tsoka, ko sauya roba da mai kauri, wanda ba kullum yake wadatarwa ba, ko sake aikin.

Binciken da mujallar Lancet ta buga a 2019 ya nuna kusan kashi 82 cikin ɗari na gwiwoyin da aka sauya suna kai shekara 25, wato wata rana wani likita daban na iya buƙatar sanin abin da ke cikin ƙafar. Wanda aka yi wa aiki a waje kada ya hau jirgi sai da takardar bayanin tiyata, da lambobin kamfani na kowane ƙarfe da roba da girmansu, da hotunan kafin aiki da bayansa. Likitan Asibitin Ƙashi na Igbobi ko na Asibitin Koyarwa na Jami'ar Legas (LUTH) ba zai iya odar roba ba in bai san kamfani da samfurin ba, domin ta wani kamfani ba ta shiga ƙarfen wani. A ɗauki hoton takardun a waya, a ba ɗaya daga cikin 'ya'ya kwafi.