Yadda Za Ka Gano Misin A Tsohuwar Mota

Masu ta turo min tambaya kan mota mai karkarwa a sulo, ka taka mai tana jan numfashi ba ƙarfi ga shan mai kamar me, to ga matakan gano misin, wato wata silinda ta kasa ƙona mai yadda ya kamata. Na ɗauki Corolla mai silinda 4 da ta ci hanya sosai.

1. Duba wutar cek injin. In tana ƙiftawa ne ka faka, cigaba da tafiya a haka yana ƙona katalis, wato matatar hayaƙin da ke jikin salansa.
2. Sa kwamfutar gwajin mota ta karanta lambar matsalar. P0301 silinda ta 1 ce, P0303 ta 3, P0300 kuma misin ɗin yawo yake.
3. Kashe mota ka bari injin ya huce.

Hattara: kar ka kwance fulogi injin na da zafi, kan injin alminiyom ne, zaren zai iya cinyewa, aiki ya ƙaru.

4. Cire koyil (abin da ke ba fulogi wuta) na silindar da ake zargi ka musanya shi da na kusa.
5. Goge lambar, tada mota, sake karantawa. In lambar ta bi koyil ɗin to shi ne ya mutu.
6. In ba ta bi ba, fito da fulogi ka duba bakinsa. Baƙin toka ko jiƙewa da man injin, ba lafiya.
7. Sa sababbi duka 4, orijinal don Allah, jabu sun cika kasuwa. Fara ɗaurawa da hannu kafin sifana.
8. Har yanzu tana yi? A wanke nozul, wato abin da ke fesa mai cikin injin.
9. In duk an yi ba a dace ba, bakanike ya gwada kwamfireshan (ƙarfin matsar iska a silinda), wataƙila bawul ne ko gasket.