Yawon yini ɗaya zuwa St Andrews da ƙauyukan masunta: kurakuran da na gaji da gani

Duk shekara idan Satumba ta kama sababbin ɗalibai suka sauka Edinbara, babban birnin Sikotilan, ko lokacin bikin yaye ɗalibai da iyaye ke zuwa daga gida, sai an samu masu tambaya ta ina za a fara ganin gari, ni kuma amsata ba ta canzawa, ku shiga motar nan ta yini ɗaya mai tsallaka gadar Forth ta bi ƙauyukan masunta na yankin Fife ta sauke ku St Andrews. Tafiya ce mai kyau wallahi. Abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya shi ne mutanenmu su dawo suna cewa wai ba komai a wurin sai sanyi da duwatsu, alhali su suka ɓata wa kansu ranar, kuma da kurakurai iri ɗaya da na waɗanda suka riga su zuwa. Na gaji da yi wa mutum ɗai-ɗai bayani a waya, bari in faɗa gaba ɗaya kowa ya ji.

Ga yadda tsarin yake galibi. Ƙaramar bas ce mai kujera 16, direban shi ne jagoran, yana tuƙi yana ba da labari ta lasifika. A tashi wajen tara na safe a dawo wajen shida na yamma. Za a ɗan tsaya ku ga gadojin nan uku, jar gadar jirgin ƙasa da aka buɗe a 1890 wadda UNESCO ta sa cikin kayan tarihin duniya a 2015, da ta mota ta 1964, da sabuwar ta 2017. Daga nan sai ƙauye ɗaya ko biyu a bakin teku, Anstruther ko Pittenweem ko Crail, sai St Andrews wajen awa uku, wasu kamfanonin kuma su biya da ku Falkland, ƙauye mai tsohuwar fada, a hanyar dawowa. Kuɗin da ka biya na mota ne da jagora kawai, abinci da kuɗin shiga wurare daga aljihunka.

To babban kuskure, wanda har yau in na tuna raina ke ɓaci, shi ne wasa da lokacin da direba ya yanka. In ya ce a haɗu ƙarfe uku da kwata, uku da kwata yake nufi, zai ƙirga kawuna, ya ɗan jira kaɗan saboda mutunci, ya kira lambar da aka bayar in akwai, daga nan ya ja motarsa, don akwai wasu mutum goma sha wani abu da suka biya kuɗinsu kuma shi ma doka ta ƙayyade masa awoyin tuƙi. Na taɓa raka mahaifin wani abokina da ya zo bikin yaye 'yarsa, dattijon kirki, muka shiga wani shagon rigunan ulu yana zaɓa wa iyali tsaraba. Na ce Baba lokaci fa ya gabato, ya ce ɗana ai ba za su tafi su bar mu ba, mun biya. Kunya ta hana ni matsa masa, kun san halinmu da manya. Muka fito muka tarar wayam, ga jakar Baba a cikin motar da maganinsa na hawan jini da babbar rigar sanyinsa. A nan ne mutum zai gane cewa St Andrews ba ta da tashar jirgin ƙasa, tun 1969 aka rufe layin, sai ka shiga bas mai lamba 99 zuwa Leuchars inda tashar jirgin take sannan ka kama jirgi wajen awa guda zuwa Edinbara, kuma tikitin da ka yanka nan take a tasha ba ya wasa da aljihu. Ni na biya na dukkanmu. Muka tsaya a dandamalin Leuchars, fili ne fetal iska na kaɗawa ta ko'ina, dattijo na rawar ɗari, Falkland ta wuce mu, washegari kuma na ɓata rabin yini wajen karɓo jaka, Baba ya kwana bai sha magani ba. Wannan kwanan da ya yi ba magani shi ya fi kuɗin ci mini rai.

Abin da nake yi tun daga ranar, da direba ya faɗi lokaci sai in sa ƙararrawa a waya minti ashirin kafin nan, in ɗauki hoton inda motar ta tsaya da lambarta, in karɓi lambar wayar direban tun da safe. In da babba a tafiyar ba na gaya masa ainihin lokacin, ina rage rabin awa, kuma ban ga laifi a ciki ba. Magani da fasfo da caja ba sa zama a mota, suna jikina. Ku kuma matasa masu cewa ai minti biyar ba komai, haba don Allah, ku dubi idon sauran fasinjojin lokacin da kuka shigo a makare kuna dariya, sunan dukkanmu kuke ɓatawa, gobe wani baƙin fata ya shigo an riga an yi masa kallon mai latti. 

Na biyu da zan daɗe a kai shi ne yadda ake kashe awa ukun nan na St Andrews, don su ne tafiyar gaba ɗaya. Yawanci ana sauke mutane ne ta wajen filin golf, sai kowa ya ruga can, a yi hoto a yi hoto, a shiga shagunan hula da riga, a zauna shan shayi, kafin a ankara saura minti arba'in kuma ba a ga komai na tsohon garin ba. Wani ma ya taɓa tambayata wai ina get ɗin jami'ar. Wanda ya saba da ABU Samaru ko sabon mazaunin BUK yana neman katanga da babbar ƙofa da masu gadi, to nan babu, gine-ginen jami'ar a warwatse suke cikin gari, tsakanin shago da gidan mutane sai ka ga ƙofar wani sashe. Garin shi ne jami'ar. Tun 1413 take, ita ce mafi tsufa a Sikotilan, kuma a duk ƙasashen da ke magana da Ingilishi Oksfod da Kambirij ne kawai suka girme ta, a nan Yarima William ya yi karatu ya haɗu da matarsa, amma in ba ka san inda za ka leƙa ba sai ka wuce ta gabanta ba ka sani ba.

Ni da an sauke mu ba na kallon filin golf ma, ina miƙewa can ƙarshen gari ta titin The Scores mai bin gaɓar teku, tafiyar kamar minti ashirin ce ba sauri. A hanya akwai gidan tarihin jami'ar, Wardlaw, shiga kyauta, in lokaci ya ƙure ka tsallake shi. Sai kangon gidan manyan limaman coci mai ganuwa da ke kan dutse a bakin ruwa, wannan kam ka biya ka shiga. Akwai kurkukun da aka fafe cikin dutse mai siffar kwalba, baki ƙarami ciki faɗi, ta sama ake zura mutum. Akwai kuma ramukan yaƙin 1546 zuwa 1547, bayan an kashe Kadinal David Beaton waɗanda suka kashe shi suka kulle kansu a ciki, masu kewaye da su suka fara haƙa rami ta ƙarƙashin ƙasa don su rusa ganuwar, na ciki su ma suka haƙo nasu suna bin ƙarar diga har suka tare su. In an buɗe ramin ranar ka shiga, sai ka sunkuya sosai, ga damshi, amma ba ka mantawa da shi. Gaba kaɗan sai kangon babbar majami'ar, wadda ba a taɓa gina coci mai girmanta a Sikotilan ba, an fi shekara 150 ana aikinta kafin a buɗe ta a 1318 a gaban Sarki Robert Bruce, a 1559 lokacin rikicin gyaran addininsu jama'a suka far mata suka kwashe kayan ciki, daga baya mutanen gari suka riƙa ɗibar duwatsunta suna gina gidaje. Duwatsun da ake dawowa ana rainawa ke nan fa. In hasumiyar St Rule da ke harabar majami'ar a buɗe take kuma gwiwarka lafiya ka hau, matakalar a matse take, amma daga sama za ka ga titunan garin uku, North Street da Market Street da South Street, duk sun nufo majami'ar, sai tsarin garin ya zauna maka a kai.

Daga nan in gangara tashar kwale-kwale in dawo ta North Street in shiga farfajiyar St Salvator's, nan ne zuciyar jami'ar, cocin wurin tun 1450. A bakin ƙofa za ka ga haruffa PH a jikin duwatsun daɓe, wurin da aka ƙona Patrick Hamilton ne a 1528 saboda aƙidarsa. Ɗalibai ba sa takawa, wai wanda ya taka zai faɗi jarrabawa sai ya yi wankan teku da asubar 1 ga Mayu. Ba sai ka yarda da camfin ba, amma wuri ne da aka kashe mutum, kar ka tsaya a kai kana hoto. Filin golf shi nake bari ƙarshe tunda yana kusa da mota, in lokaci ya ci ni ba ni da nisa. Shi ya sa ma na fi son zuwa ranar Lahadi, yawancin Lahadi ba a wasa a tsohon filin golf ɗin, wato Old Course, kowa na iya takawa ya ratsa har ya hau 'yar gadar dutsen nan ta Swilcan, kuma in makaranta na ciki za ka iya dacewa da ɗalibai cikin jajayen riguna suna jerin gwano a kan katangar tashar ruwa bayan sun fito coci. Ranar da ake wasa kuwa kar ka kutsa cikin filin, ƙwallon nan dutse ce.

Batun salla, nan ma ana sakaci. Kar ka sa ran masallaci a ƙauyukan nan. A Disamba azahar na shiga jim kaɗan bayan sha biyu, la'asar kafin biyu, magariba kafin huɗu, wato duka ukun a hanya za su same ka, sai ka ga mutum ya dawo gida da dare yana ramuwa yana cewa ba wuri. Wuri akwai. Ina fita da alwalata, 'yar sallaya mai naɗewa a jaka da gorar ruwa, alƙibla kudu maso gabas ce waya za ta nuna maka, in samu gefe a kan ciyawar da ke bayan rairayin West Sands in yi abina, ban taɓa samun wanda ya tanka mini ba. Nisan wajen mil 50 ne, batun kasaru da haɗa salloli ka tambayi malaminka tun kafin ranar, ba a cikin mota za ka fara neman fatawa a waya ba. Ranar Juma'a kuwa ni ba na yankar tikitin sam.

Lokacin hunturu ma dai in da hali a haƙura, duhu na yi da wuri, wuraren tarihi na rufewa da wuri, fadar Falkland kan kasance a kulle. Daga Mayu zuwa Satumba ya fi, a Yuni rana ba ta faɗuwa sai wajen goma na dare.

Abinci. Kifi halal ne eh, amma ka tambayi abu biyu kafin ka biya, ko akwai giya a ƙullun da suke tsoma kifin, da kuma wane mai ake suya da shi, don wasu da kitsen shanu suke yi, wasu kuma kasko ɗaya ne da sosej ɗin alade. Ba sa jin haushin tambayar, sun saba. Kuma kar ka kafe a layin shagon kifi da cibs ɗin nan da ya yi suna a Anstruther alhali rabin awa aka ba ku, lokacin zafi layin har waje yake kaiwa, wani lokacin ma motar kan iso tun ba su fara suya ba. Ka zagaya tashar ka ga jiragen masunta, ka ci kifinka a St Andrews. In a waje za ka ci ka rufe kwalin, tsuntsayen tekun nan daga hannunka suke wafcewa.

Sauran ƙanana ne. Rana ta fito a Edinbara ba ta nufin komai a bakin teku, hazo kan taso daga ruwa ya rufe gari cikin ɗan lokaci, ka riƙe riga mai tare iska da ruwa, lema kam iska za ta karya ta. Mata masu dogon hijabi ko abaya a sa wando mai kauri a ciki a kuma riƙe fil. Takalmi mai santsi a bar shi gida, daɓen dutse ne ko'ina kuma duwatsun bakin ruwa akwai gansakuka. In motar ta gaɓar teku za ta fara bi, zauna ɓangaren direba, ta dama tekun yake. Masu ƙananan yara ku tambaya kafin ku biya, wasu kamfanonin ba sa ɗaukar 'yan ƙasa da shekara biyar. Fararen gidajen nan masu jan rufi na Crail da Pittenweem mutane ne ke zaune ciki, a daina leƙa taga ana jingina da ƙofa ana bidiyo. A watan Agusta Edinbara cike take da baƙin bikin wasannin kwaikwayo da kaɗe-kaɗe, kujera kan ƙare, ka yanka tun da wuri. Masu son shiga jirgin ruwa daga Anstruther zuwa tsibirin May don ganin tsuntsaye kuma su sani wannan awa huɗu zuwa biyar yake ci kuma lokacin tashinsa na bin cikar ruwa da janyewarsa, ba ya shiga cikin wannan tafiyar, sai dai a ware masa ranarsa daban tsakanin Afrilu da Yuli.