Yadda Za A Nema Wa Ƙauye Ruwa Ko Hanya Daga Kuɗin Bankin Musulunci

'Yan uwanmu na Jidda kan ɗauka tunda hedikwatar Bankin Raya Ƙasashen Musulmi tana garin nan, sai mutum ya sa babbar riga ya kai takarda a haƙa wa ƙauyensu rijiya. A'a. Bankin ya fara aiki a 1975, mambobinsa ƙasashe 57 ne, kuma irin waɗannan ayyuka da gwamnatoci yake ƙulla su. Haka Asusun Raya Ƙasashe na Saudiyya da ke Riyad, ƙasa yake ba rance mai sauƙi, ba ƙungiyar 'yan gari ba. A Najeriya ma jiha ba ta cin bashin waje sai ta hannun Ma'aikatar Kuɗi ta Tarayya.

To ƙofar tana gida. Ka fara da bincika aikin da aka riga aka sa wa hannu a jiharku, domin shiga motar da ta ɗauko hanya ya fi jiran wadda ba a ƙera ba. Kano, alal misali, ta samu shirin bunƙasa noma da kiwo da bankin ya zuba wa kuɗi, aka buɗe wa shirin ofishi a cikin gari.

Sai takarda, kuma nan ne na fi ganin ana sakaci. Kada a cika ta da kuka da kirari. A rubuta gida nawa ne a ƙauyen, tafiyar minti nawa yara ke yi da jarka, wane wata rijiyoyi ke ƙafewa. A haɗa da hoto. Dagaci ya sa hannu cewa an ba da fili, ba rigimar gado a kansa. A faɗi wanda zai riƙe asusun gyara, don fanfo mai sola lalacewa yake yi, jami'ai kuma sun gaji da ganin tanki a tsaye ba ɗigon ruwa.

A kai kwafi ƙaramar hukuma da hukumar ruwan karkara ta jiha, a karɓo shaidar an karɓa, a sa mutum ɗaya mai naci ya riƙa leƙawa.

Abu biyu nake jan kunnenku a kai. Duk wanda ya ce yana da hanya a bankin, a ba shi na goro, ɗan damfara ne. Sannan kada ku buɗe asusun tara gudummawa a WhatsApp a nan Saudiyya, dokar ƙasar ta hana tara taimako ba lasisi, kuma iƙamar mutum, wato takardar izinin zamansa a ƙasar, na iya tafiya a kai.