Yadda zaka gane tsofaffin sunayen riga a Turanci

Idan kana karanta tsohon littafin Turanci kaci karo da wata kalma wadda daga yanayin zancen kaga kamar riga ake nufi amma ba shirt aka rubuta ba, to karka yi saurin cewa kuskure ne. Fara duba daga wane yanki marubucin ya fito.

In dan Sikotland ne ko arewacin Ingila, kalmar da zaka fi gani itace sark. Tsohuwa ce sosai, tana da dangi a harshen mutanen Viking na da, wato na arewacin Turai, su serkr suke cewa. Cutty sark kuma gajeriyar riga kenan, kuma shine sunan jirgin ruwan nan da aka kera a 1869 wanda har yanzu yana ajiye a Girinic cikin Landan mutane na zuwa kallo. Ni dai wannan kalma tafi burge ni gaskiya.

In kuma zancen mutanen gabashin Landan ne, 'yan Kokni, sai ka saurari karshen sautin. Su dicky dirt suke cewa saboda dirt yayi amo daya da shirt, wani lokacin ma su yanke su bar dicky kawai, to anan ne mutum yake rudewa in bai san dabarar ba.

Barayi da 'yan tasha na Ingila a zamanin da kuwa mish suke cewa, guntun commission ne, shi kuma daga camicia na Italiyanci aka murdo shi. Kamus din kalmomin 'yan tasha da Francis Grose ya wallafa a 1785 ya kawo ta, can zaka duba irinsu.