Yadda ake zaɓen sifanar awon ɗauri don gyaran babur a gida

Duk mai aikin kai saƙo da babur a Jidda ko Riyad ya san juyen baƙin mai ba ya jira. Shi ya sa 'yan'uwanmu da yawa suka koma yi da kansu a ƙofar gida, su canja fulogi, su ja sarƙa, ba sai sun je bin layi a sana'iyya, unguwar makanikai, ba. Hakan ya yi kyau. Inda ake ɓarna shi ne wajen ɗaure noti. Jikin inji alminiyam ne, noti kuwa ƙarfe, idan ka matsa fiye da kima zaren alminiyam ɗin ne zai cinye, ka wayi gari mai na ɗiga. Idan kuma ɗaurin bai kai ba, jijjiga ta kwance shi kana tsakiyar titi. Sifanar awon ɗauri, wadda ke sanar da kai idan ɗaurin noti ya kai ƙarfin da ake so, ita ke raba wannan gardama. A shago ka ce "miftah azm", za a gane ka.

Kafin ka fita kasuwa, ɗauko littafin babur ɗinka. Akwai jadawalin da kamfani ya rubuta ƙarfin ɗaurin kowane noti, galibi da N·m, wato Newton-mita, ma'aunin ƙarfin ɗauri. Kwafe lambobin wuraren da kake taɓawa: notin juyen mai, fulogi, notocin murfin inji, na birki, da babban notin tayar baya. Za ka ga tazara mai faɗi. Ƙananan notocin murfi masu kaurin milimita 6 kan tsaya wajen 10, fulogi mai zaren milimita 10 tsakanin 10 da 12, notin juyen mai na ƙananan babura ashirin da wani abu, na tayar baya kuwa yakan wuce 50, a manyan babura har ya kai 100. Na littafinka shi ne abin bi. Idan tsohon littafi ne da aka rubuta da kgf·m, ninka da 9.8, idan ft-lb ne irin na Amurka, ninka da 1.36.

Da wannan takarda a hannu za ka zaɓi girma, kuma a nan ne nake so ka natsu. Sifana ba ta faɗin gaskiya a can ƙasan ma'auninta. Yawanci ana tabbatar da daidaitonta ne daga kashi 20 cikin 100 na iyakarta zuwa sama. Wato babbar sifana mai bakin inci 1/2 (bakin shi ne inda ake sa soket) da ke kaiwa 200, amanarta daga 40 ta fara. Mutum ya ga babba, ya ce ai ita ta haɗa komai, ya saya, ya ɗora ta kan notin da ke son 10, kafin ta yi ƙarar da ke nuna ɗauri ya kai, noti ya karye a cikin inji. Wannan sifanar ta manyan notoci ce irin na taya.

Shawarata, ɗan'uwa, idan ɗaya kuɗinka za su saya, nemi mai bakin inci 3/8 wadda ta kama daga wajen 10 zuwa 60. Ita za ta yi maka juyen mai da birki da yawancin aikin yau da kullum. Idan hali ya samu, ƙara da ƙaramar inci 1/4 mai 5 zuwa 25 saboda fulogi da notocin murfi. Babbar kuwa, tun da tayar baya kaɗai ke buƙatarta, ku haɗa kuɗi da abokan zama ku sayi guda.

Sai nau'i. Mai ƙara ita ta fi yawa: ka murɗa mariƙinta zuwa lambar da kake so, idan ɗauri ya kai ta yi "ƙas" ka ji a hannu. Akwai mai allura, wadda ake kallon lamba ana ja. Tana da arha, ba ta cika lalacewa ba, amma a ƙarƙashin inji karanta ta wahala ne. Ta batir mai allo tana da kyau, sai dai tsada. Mai gyaran gida, mai ƙara ta ishe shi.

A shago, ko babban shagon kayan aiki na SACO ne ko masu kayan aiki na sana'iyya, buɗe akwatin ka duba. Takardar gwaji tana ciki? An rubuta ISO 6789, lambar ƙa'idar ingancin irin wannan sifana, da kuskuren da bai wuce kashi 4 cikin 100 ba? Lambobin sassaƙa su aka yi a jikin ƙarfe, ko fenti ne da gumi zai goge? Murɗa mariƙin ka ji ko yana tafiya sumul, makullinsa kuma yana kamawa. Tabbatar bakinta ya dace da soket ɗin da kake da su. Ta hannu da ake sayarwa a haraj, kasuwar gwanjo, ban ba ka shawara ba, don ba ka san sau nawa ta faɗi ƙasa ba.

Wajen aiki, fara shigar da noti da yatsu, ka goge zaren, kada ka shafa mai sai inda littafi ya ce, domin mai na sa ɗauri ya zarce. Riƙe tsakiyar mariƙi, ja a hankali, da ta yi ƙara sau ɗaya ka tsaya. Kada ka kwance noti da ita, kada ka zura mata bututu don ƙarin tsawo. Idan ka gama, mayar da ita lamba mafi ƙanƙanta don sifirin da ke ciki ya huta, ka ajiye ta a ɗaki cikin akwatinta. Laimar Jidda ba ta barin ƙarfe.

Ƙa'ida ita ce a gwada ta duk shekara, ko bayan amfani 5,000. A gida ma kana iya yin gwajin kusa da daidai. Kama bakinta da matsewar ƙarfe, mariƙi ya miƙe a kwance, ka auna tsawon daga tsakiyar baki zuwa tsakiyar mariƙi. A ce santimita 30 ne. Rataya jarkar ruwa mai lita 10 a wurin: kilo 10 sau 9.8 sau 0.3, ya ba ka kusan 29. Saita ta a 27, ya kamata ta yi ƙara. Saita ta a 32, ya kamata ta yi shiru. Idan ta saɓa da nisa, kai ta wurin masu gyaran ma'auni kafin ta sake taɓa injinka.